Musayar Wuta, In Ji Su

Talata, bayan magariba

An harbi motarmu.

Na rubuta, na sake dubawa, har yanzu bai yi min kama da magana ba. Motar tashar talabijin ɗinmu, farar nan da aka rubuta 'YAN JARIDA da jan fenti a gabanta da bayanta da rufinta. Ango mai ɗaukar hoto ya rasu. Baba Direba ya rasu. Aku, wakiliyarmu, tana asibiti, an ce a ƙafa ne.

Ina ɗakin kwalliya ana shafa min hoda saboda labaran yamma, sai Edita ya shigo ko sallama babu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana kallona ta madubi. Ya ce, "Kin san sun tafi ɗauko rahoton masu gudun hijira a bakin gada." Na ce na sani, ai da safe na gan su suna loda kaya, har Ango ya tsokane ni. Ya ce, "To." Sai kawai ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa.

Sanarwar rundunar soja ta riga gawarwakin isowa. Edita ya miƙo min, ya ce in ba zan iya ba a sa wani. Na ce zan iya. Tun da yaƙin nan ya fara kullum sai na karanta mutuwar wani, ban ga dalilin da zai sa in kasa ta namu ba.

Na karanta cewa ma'aikatan wannan tasha biyu sun rasa rayukansu a wata musayar wuta tsakanin dakarun gwamnati da 'yan tawaye. Muryata ba ta yi rawa ba. Daga nan na wuce labarin tsadar man fetur, sannan wasan ƙwallo. Mai kula da sauti yana kuka a bayan gilashi, ina ganinsa, ni kuwa ina faɗin wanda ya ci wa.

Laraba, da hantsi

An binne su. Kusa da juna aka yi musu, kamar yadda suke zama a gaban mota.

Na je gidan Ango. Ya daɗe da aure, har da 'ya'ya biyu, amma sunan ya ƙi barinsa saboda turare. In ya shigo ofis sai an yi atishawa. Ɗakin matarsa ma ƙamshin ne ya fara tarbata, sai da na dafa ƙofa.

Matarsa ƙawata ce, ta dalilinsa muka saba. Ba ta kuka. Ta riƙe hannuna, ta jawo ni kusa don kada matan da ke zaune su ji.

"Jiya na gan ki," in ji ta. "Kin ce musayar wuta."

Na ce abin da aka rubuto ke nan.

"Musaya da wa? Ai musaya sai in kowa ya ba da nasa. Shi me ya bayar? Mutumin da in ya ga ƙadangare a banɗaki sai na je na kore masa?"

 Wata tsohuwa ta ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Matar Ango ta ce, "Haka ne, Gwaggo." Amma ba ta saki hannuna ba sai da yatsuna suka mutu.

Laraba, da la'asar

Umma ta ce Auta bai kira ba.

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, soja ne, bara ya gama horo. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan Umma, mu biyu ne a gidan sai wayarsa, wadda yakan bugo duk ranar Talata. Jiya Talata ce.

Na ce mata ƙila babu sabis. Ta ce haka ita ma ta yi tunani. Ta ci gaba da tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Kiran da ya yi na ƙarshe ya ce min an ɗauke su daga bariki an kai su gadin wata gada. Ban faɗa wa Umma ba a lokacin, don kada hankalinta ya tashi. Gadoji suna da yawa a ƙasar nan.

Alhamis, da azahar

An jawo motar zuwa harabar tasha. Duk muka fito, har masu shara.

Ban san komai game da bindiga ba, amma ina da ido. Hujin duk daga gaba suke. Bayan motar lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Gilashin gaba ya zube kan kujeru. Carbin Baba Direba yana nan rataye a madubi, fulas ɗin shayinsa a gefen giya, murfin a buɗe. Jan rubutun nan da ke saman inji an huda shi har ba ka iya karanta JARIDA sai ka riga ka san abin da aka rubuta.

 Mai kula da sauti ya zagaya ta baya, ya duba, ya dawo, ya sake zagayawa. Ya kalli Edita. Edita ya kalli takalminsa.

Kafin la'asar sojoji suka zo da babbar mota suka tafi da ita, wai za a yi bincike. Ba mu ɗauki hotonta ba. Tasha guda, cike da kyamarori, babu wanda ya tuna. Ko kuma kowa ya tuna.

Juma'a, da safe

Bai kira ba. Gadoji suna da yawa.

Asabar, da yamma

Na wuni ina canja tasha kamar marar aikin yi.

Tashoshin ƙetare sun sa labarin a siririn rubutun nan mai gudu a ƙasan allo. "An kashe ɗan jarida da direbansa." Sunan Ango sun rubuta shi ba daidai ba. Baba Direba kuwa ko suna bai samu ba, direbansa kawai, kamar jaka ko hula. Mutumin da ya koya wa rabinmu inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa a hanya.

A tashar gwamnati an tara masana uku a kan kujeru masu laushi. Ɗaya, tsohon hafsa mai tumbi, ya ce daga nesa kyamara a kafaɗa tana kama da makamin harba roka, don haka kada a yi saurin yanke hukunci. Mai gabatarwa ta gyaɗa kai. Na santa, tare muka yi makaranta, Ango ne ya ɗauki hoton bikinta kyauta.

Wani kuma ya ce su ma 'yan jarida suna da son a sani, wa ya aike su?

Mu muka aike su. A taron safe aka ce a je a ɗauko, kowa ya ce madalla.

Umma ta ce in kashe abin nan kafin ya kashe ni.

Litinin, bayan labaran yamma

Sabuwar sanarwa. Yanzu babu musayar wuta. Yanzu motar ce ta nufo shingen sojoji da gudu, aka yi mata gargaɗi ta ƙi tsayawa.

Na tambayi Edita, to ta makon jiya fa? Ya ce wannan ta shafe waccan. Na ce da bakina na faɗi waccan. Ya ce, "Da bakinki za ki faɗi wannan. Malama, ba ni na rubuta ba."

Na karanta. Baba Direba da gudu. Mutumin da muke yi wa tsiya cewa mai keke ma wuce shi yake.

Muryata ba ta yi rawa ba. Na fara tsoron muryar nan.

Talata, da la'asar

Yau aka bar mu ganin Aku.

Surutu ya sa muka raɗa mata sunan. In ta fara ba da labari a ofis sai Edita ya fito ya ce a taimaka a cire mata batir. Yau na zauna a gefen gadonta har shayin da na kai ya huce, ba ta ce uffan ba. An ɗaure ƙafar da ƙarafa an rataye. Mahaifiyarta ta fita alwala, sai ta juyo.

"Babu 'yan tawaye," in ji ta. "Babu kowa sai mu da matan da ke tsallakowa da kaya a ka. Shiru ne, har ina jin kukan awakinsu."

Na ce ta huta, ba sai yau ba.

"Mun tsaya. Tun daga nesa Baba ya tsaya, ya kashe mota, ya fito da hannuwansa biyu ta taga. Ango ya sauka, kyamarar tana hannunsa a ƙasa, wajen gwiwa. Bai ɗora ta a kafaɗa ba. Na ji a talabijin suna cewa kafaɗa. Bai ɗora ba."

Ta ce daga bayan buhunan yashi wutar ta fito, ba ta san tsawon lokacin ba. Da aka daina, sai yaran sojojin suka matso a hankali. Wani ya leƙa mota ya koma gefe yana amai. Wani ya cire bel ɗinsa ya ɗaure mata cinya, ya ɗauke ta a hannu har motarsu. Likita ya ce ba don ɗaurin nan ba da jini ya ƙare mata a hanya.

Na ce Allah ya saka masa.

Ta daɗe tana kallona.

"Yana da wushirya irin taki," in ji ta. "Da ya ga katin aikina sai ya fara cewa, wayyo Yaya, wayyo Yaya. Ba da ni yake ba."

Na tashi na gyara mata filo. Na gyara labule. Na tambaye ta ko a ƙaro ruwan zafi.

Ta ce, "Ban faɗa wa kowa ba. Ke kaɗai."

Laraba, da safe

Masu wushirya suna da yawa.

Na rubuta wannan, na zauna ina kallonsa. Ƙarya ma in ka yawaita karanta ta sai hannunka ya koya.

Alhamis, da azahar

An yi taro a ɗakin labarai. Mai kula da sauti ya ce a kai kyamara asibiti, Aku ta faɗi abin da ta gani, ai tamu ce, kuma ta yarda. Mutane suka ce haka ne. Edita ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Ya ce an kira mai tashar daga sama. An tuna masa cewa ana cikin yaƙi, kuma lasisi takarda ce. Ya ce, "Akwai mutane a ginin nan da iyalansu ke ci daga nan. In aka rufe mu, wa muka taimaka? Ango zai dawo?"

Wani ya ce, to mu meye amfaninmu?

Edita ya juyo gare ni. "Malama, ke ce babba a nan, ba ki ce komai ba."

Duk suka juyo. Sun san ni da baki, sun san yadda muke da Ango. Na ce a bi a hankali.

Abin da na ce ke nan. A bi a hankali. Mai kula da sauti ya kalle ni kamar ya ga baƙuwa.

Wata 'yar jarida daga ƙetare ta samu shiga asibitin jiya. Aku ta yi mata magana mai tsawo. Abin da suka nuna bai kai a sha kofin ruwa ba, suka ɗora da cewa rundunar soja ta musanta, kuma ba a iya tabbatar da zargin ba. Ƙafar Aku na rataye a hoton, amma ba a iya tabbatarwa ba.

Asabar, da hantsi

Auta ya dawo. An ba su hutun kwana biyu.

Umma ta rungume shi tana shafa fuskarsa, tana cewa ya rame, ya yi baƙi, ba sa ba ku abinci ne? Ya durƙusa ya gaishe ta. Ni ya gaishe ni yana kallon ƙafafuna.

Ta dafa masa abin da yake so, ya juya cokali ya ajiye. Da na kunna talabijin ya tashi ya fita tsakar gida. Wandon kakinsa da igiya ya ɗaure shi.

Lahadi, bayan azahar

Umma ta tafi dubiya maƙwabta. Ina wanke kwanuka a bakin famfo, ya zo ya tsuguna yana ɗauraye min, kamar lokacin da yake ƙarami.

"Tana raye?" in ji shi.

Na ce tana raye.

"Ƙafar fa?"

Na ce ba a yanke ba.

Ya ci gaba da ɗauraye faranti ɗaya. Sai ya fara magana, ba tare da ya ɗago ba. Ya ce tun daren Lahadi aka ce musu wata farar mota na zuwa da bam. An kashe abokansu a wani shinge da irin wannan. Sun kwana biyu babu mai runtsawa. Da motar ta ɓullo ta tsaya, kowa ya ɗan saki numfashi, don mai bam ba ya tsayawa. Sai hafsan da ke kansu ya daka tsawa a buɗe wuta. Na kusa da shi ya fara, sai kowa.

Na ce, kai fa?

"Na harba, Yaya."

Ruwa yana ta zuba, bokiti ya cika yana malala, babu wanda ya rufe famfo.

"Ban san inda nawa ya tafi ba. Kullum sai na lissafa, ko sama na yi, ko ƙasa. Ban sani ba."

Na ce ai ba ku ga rubutun ba. Da nisa. Da rana a idonku. Ni na kawo masa hujjojin, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai miƙa wa yaro alewa.

Ya ɗago. "Na gani. Ja ne, manya. Na karanta kafin a ba da umarni. Ke kika koya min karatu, Yaya, kin san ba na kuskuren baƙi. Na karanta, na ji tsawar, yatsana ya matsa."

Ya ce an kafa kwamitin bincike, za a kira su ɗaya ɗaya. An tara su an faɗa musu abin da za su ce: mota ta zo da gudu, an yi gargaɗi, ba ta tsaya ba. Wanda ya kauce, shi kaɗai zai ɗauka.

"Me zan ce musu?"

Ni yake tambaya. Ni da na riga shi faɗin maganar, a gaban duk ƙasa, da hoda a fuskata.

Na ce ya rufe famfon.

Litinin, da safe

Ya koma. Umma ta raka shi har bakin titi. Da ta dawo ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Ba kurma ba ce ni," in ji ta. "Tun shekaranjiya yaron nan yake magana cikin barci."

Ta matso kusa da ni.

"Ki ji ni da kyau. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗanda suka mutu Allah ya ji ƙansu, na yi musu kuka, kin gani. Amma manyan nan in suka tashi neman wanda za su miƙa, ba mai anini a kafaɗa za su miƙa ba, ɗan marar gata za su miƙa. Ke ki karanta abin da aka ba ki, shi ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Ki bar min ɗana."

Na ce, Umma, Baba Direba ma ɗan wata ne.

"Uwarsa ta daɗe a ƙasa," in ji ta. "Ni ina raye."

Laraba, bayan labaran yamma

Ban shirya ba. Ina so in rubuta wannan tun kafin mutane su mai da shi wani abu. Ba jarumta ba ce.

Sanarwa ta uku ta iso ana gab da fara labarai. Ban samu dubawa ba, sai a allon da rubutu ke hawa a gabana na gan ta. Wai bincike ya gano cewa direban motar yana da alaƙa da 'yan tawaye, kuma ana zargin da gangan ya nufi shingen.

Na karanta har "direban motar". Sai bakina ya tsaya.

Rubutun ya hau, ya jira ni, ya ɗan sauko. Jar fitilar kyamara tana kallona. A kunnena Edita yana cewa, "Ci gaba, Malama. Malama, ci gaba." Ni kuwa abin da nake gani shi ne Baba yana tsayar da mota a gefen hanya don wata akuya ta gama tsallakawa, mu muna ihu za mu makara.

Na ji kaina ina cewa, "Motar ta tsaya. Ya kashe ta, ya fito da hannuwansa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Suka yanke zuwa tallan sabulu.

Edita bai yi faɗa ba. Ya zo da kansa ya cire min makirfo daga wuyan riga. Ya ce in je gida in huta, za a neme ni. Mai kula da sauti ya riƙe min ƙofa. A harabar babu wanda ya kalle ni, babu kuma wanda ya tafi.

Alhamis, da hantsi

An ce wa masu kallo matsalar na'ura aka samu. Wasu sun ɗauka a waya suna ta yaɗawa. Masu cewa 'yar halak, masu cewa an saye ni. Tashoshin ƙetare sun nuna, wannan karon da sunana daidai. Baba kuwa har yanzu direbansa ne.

Umma ba ta amsa gaisuwata ba.

Asabar

Ba ta amsa ba.

Talata, da la'asar

Wani abokin Auta ya bugo daga bariki, yana magana ƙasa ƙasa. Jiya aka shiga da su gaban kwamiti. Duk sun faɗi abin da aka koya musu. Da aka zo kan Auta ya ce motar ta tsaya, ya ce ya karanta rubutun, ya ce an ba da umarni, ya faɗi wanda ya bayar. Aka ce ya sake tunani. Ya maimaita.

Yana tsare a gadurum na bariki yanzu. Ana tuhumarsa da harbi ba tare da umarni ba. Hafsan an yi masa canjin wurin aiki.

Na tambayi abokin ko Auta ya ga abin da na yi ranar Laraba. Ya ce duk barikin an gani.

Labaran yamma sun ce rundunar soja ta nuna ba ta ɗaure wa kowa gindi, ta kama wani ƙaramin soja da ake zargi. Wata sabuwa ce ta karanta, a kujerata. Muryarta ba ta yi rawa ba. Umma tana zaune ta ji sunan ɗanta daga bakin yarinyar da ba ta sani ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar takalmanta a gaban talabijin.

Abin da ta faɗa ne ya faru, harafi da harafi.

Juma'a, da hantsi

Na je gidan Ango. Na san ta ji a labarai, amma ban so ya tsaya a haka ba.

Masu zaman makoki sun watse. Na same ta tana ninke rigunansa tana jerawa a akwati. Ta amsa sallamata, ba ta ce in zauna ba. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Na ce, sojan da aka kama ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Yana wurin, kuma ya harba. Ba shi kaɗai ba ne, amma ya harba. Na ce na san haka tun kafin a kama shi. Na ce a gaban kwamitin bincike ya faɗi gaskiyar abin da ya faru.

Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta daidaita wuyan.

"Ranar da kika zo nan na riƙe hannunki, kin sani?"

Na ce ban sani ba, amma ina tsoro.

Ta gyaɗa kai.  Yaran suna wasa a waje, ina jin ƙaramar tana rigima a kan ƙwallo.

"Kowa ya zo ya ce min nan take ya cika, bai ji komai ba," in ji ta. "Na san lallashi ne. Tunda ƙanenki yana wurin, ya faɗa miki. Ya yi magana kafin ya cika?"

Auta ya faɗa min ranar a bakin famfo. Shi ne abin da na kasa rubutawa.

Na ce ya yi. Da aka fara harbin bai gudu ba. Ya ɗaga kyamarar sama da hannu ɗaya yana cewa, "Kyamara ce, yara. Kyamara ce." Har ya faɗi yana faɗa.

Ta zauna a bakin gado. Ta ɗora rigar a fuskarta. Wannan ne karo na farko da na ji kukanta, kuma ba na fatan in sake jin irinsa. Na matsa zan taɓa ta, ta ɗaga hannu.

Da ta lafa ta share fuska, ta ce, "Yara ya ce musu."

Na ce e.

"Na gode da kika zo da ƙafarki. Na gode da abin da kika faɗa a talabijin, shi ma ƙanenki na gode masa da bai yi wa matattu ƙarya ba. Amma ki tafi. In na kalle ki bakinsa nake gani, ko ban taɓa ganinsa ba. Wata rana ƙila in aiko miki. Ba yanzu ba."

Na tashi na fito. A hanya shaguna duk sun kunna labaran rana. Na saurara tun daga kan layinsu har namu. Babu gada, babu Ango, babu Baba. Wani gari ake magana yanzu, wasu matattun.

Lahadi, da safe

An ce za a bar dangi su ga waɗanda ke tsare yau, mutum biyu, ban da waya.

Tun asuba nake jin motsin Umma a kicin. Na yi wanka na shirya na zauna a falo, ban san ko za ta yarda in bi ta ba. Ta fito da mayafinta da kwanon abinci ɗaure a tsumma. Ta wuce ni har ƙofa. Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"In mun je kada ki yi masa kuka," in ji ta. "Kuma kada ki ce masa ya canja magana. Tunda ya faɗa, ya faɗa."

Ta miƙo min kwanon ta baya.

"Riƙe da hannu biyu, da zafi."